Iskar da Ban Mayar Ba a Gazawa

Agiye, ranar Talata, 14 ga watan Mayu.

Zuwa ga ɗana Issufu, wanda nake kira Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Gidan Rumji lafiya, ka tarar motar da ta ɗauko Ramatu da jinjirarku ta riga ka isa. Allah Ya sa gidan da aka ba ku ya yi muku daɗin zama, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki, Ya tsare ku a tafe da zaune.

Yau shekara ashirin da tara ke nan da ranar da aka rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga konkur, jarrabawar ɗaukar masu duba malamai, a Maradi, tawa ba ta shiga ba. Shekarar da ta biyo na wuce shekarun da aka yanka wa masu shiga. Waɗanda nake gyara wa rubutu a lakol, makarantar boko, sun zama manya, wani har da mota da direba, ni kuwa na yi ritaya da alli a hannu. Kun ji wannan labari a bakina har kun gaji. Kun kuma ji sunan wanda nake ɗora wa laifin, Amadu mai sito, wanda na ce ya ba ni ruɓaɓɓiyar taya ta fashe da ni da innarka a hanya. Abin da na faɗa muku ke nan tun kuna ƙanana, kuma ba haka aka yi ba.

Da sai in ci gaba da shiruna. Amma jiya da safe na ga ka danna tayar baya da babban yatsa, ka ce ta isa, ka hau. Na kuma ji ka ce wa innarka kowane ƙarshen wata za ku riƙa zuwa a kan babur, kai da Ramatu da goyonta. Aikinka na malamin dabbobi cikin rairayi yake, daga wannan ruga zuwa waccan, hanyar gida kuwa kwalta ce tun daga Gidan Rumji, ta Tibiri da Maradi da Cadawa. A tsakanin waɗannan hanyoyi biyu na yi ɓarna. Na so in tsayar da kai a ƙofar gida, bakina bai buɗe ba. Shi ya sa na zauna rubutu, kuma da Hausa, don Faransanci na saba ɓuya a cikinsa.

A lokacin ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Gazawa. Masu aikin yaƙi da jahilci suka ɗauke ni in riƙa zagaya azuzuwan manya, suka ba ni babur. Da tayoyin suka cinye na je buro, ofishin aikin, karɓar sababbi. Amadu ya fito da iri biyu ya ajiye a gabana.

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol, ya ce, "Mushe, wacce zan ba ka? Wagga mai manyan haƙora ta daji ce. Rairayi da laka nata ne, amma in ta hau kwalta sai kuka da zafi. Waccan haƙoranta ƙanana ne, sun matsu da juna a tsakiya. Ba ta kai ta cikin rairayi ba, amma tana tafiya ko'ina. Kai da kake zuwa Maradi, ita zan ɗaukar maka."

Na ce, "Ba ni mai haƙora. So kake in shiga gari kamar ɗan kabu-kabu?"

Ya yi dariya ya ce, "Taya ka zo ɗauka ko rigar Salla?"

Ban yi dariya ba. Na ga Turawan aikin da manyan ma'aikata duk irinta ce a baburansu, ni ma ina son a gan ni da ita. Na sa hannu a takarda na ɗauka.

Babana, kada ka zaɓi taya don idon mutane. Ka zauna ka duba inda ƙafafun babur ɗinka ke wuni. Mai manyan haƙora da ka tafi da ita jiya za ta yi maka aiki a rugage, ban musa ba. Amma a kan kwalta haƙoran ne kawai ke taɓa ƙasa, babur ya riƙa rawa a hannunka, in ka taka birki ta ja ka gaba kafin ta tsaya, in tafiya ta yi nisa ta ɗauki zafi. Akwai kuma wadda ƴan kabu-kabu masu haya da babur ke sawa, mai taurin roba, ta zirga-zirgar cikin gari. Tana daɗewa ba ta cinye ba, shi ya sa suke son ta, amma ta tafiya a hankali ce, daga kasuwa zuwa tasha. Ranar da ruwan farko ya jiƙa kwalta, santsi take kamar an shafa mata mai. Ta doguwar tafiya robarta ta fi taushi, tana kama kwalta, tana jure zafi da nauyin mutum biyu, sai dai burji na cin ta da sauri, rairayi kuma ya kayar da ita. Babu wadda ta haɗa komai. In ba ka iya ajiye biyu kana canzawa ba, ka nemi irin wadda Amadu ya nuna mini na ƙi, ƙananan haƙora a tsakiya, manya a gefe. Za ka ɗan sha wuya da ita a rairayi mai zurfi. Wahalar turi ce kawai, ana yin ta a huta.

Kuskurena na biyu abin dariya ne, har yanzu akwai tsofaffi a Agiye da ke tuna mini. Tayar gaba ta suɗe, zanenta ya ɓace. Maimakon in canza ta sai na kai wa wani a kasuwa ya ɗora wuƙa a wuta ya yanka mata sabon zane. Ta fito kamar sabuwa, na yi ta jin daɗin dabarata. Na ce ai ta baya ce ke ɗaukar nauyi, ta gaba ja-gora ce kawai. Da aka yi yayyafin farko na zo kwanar tasha, ban ma da gudu, sai na ji babur ya fita daga ƙarƙashina. Na dira da goshi a gaban masu sayar da fura, da farin wando da jakar takardu. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Mushe, sujada ba alwala?" Aka yi ta dariya, na tashi ina kakkaɓe jiki ina cewa man mota ne ya zube a wurin. Ba wani mai da ya zube.

Tayar gaba ita ce ranka. In ta baya ta zame kana iya tallabe babur, in ta gaba ta zame ka riga ka faɗi kafin ka sani. Kada ka bari a yanka maka zane, naman robar ake ragewa. Kada kuma yawan zane ya ruɗe ka a kan tsohuwar taya da ake kawowa daga waje. Ka lanƙwasa gefenta da hannu. In ka ga ƙananan tsaga kamar dugadugan manomi, rana ta riga ta cinye ta, ka ajiye musu abarsu. A gefen taya ana buga lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka yi karatu, ka karanta. In ka sa sabuwa ma, ka bi ta a hankali kwanakin farko, fatarta na da santsi sai ta gogu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

A bakin kwalta a Gazawa, daidai inda hanyar ƙauyenmu ke fitowa, akwai wani mai faci da ake kira Ɗan Tani. Bai taɓa shiga lakol ba. Shi ya koya mini tafiya a rairayi. Ya ce in rage iskar tayoyi har su ɗan baje, sai babur ya daina nutsewa. Ya kuma yanka tsohon shambur, wato robar ciki mai riƙe iska, ya shimfiɗa shi cikin taya don ƙayar aduwa. Kowa a yankin nan haka yake yi, kuma yana aiki. Na tabbata abokan aikinka za su koya maka kafin mako ya fita. Amma maganar Ɗan Tani kashi biyu ce. Ya ce, "Mushe, in ka hito kwalta ka biyo nan in mayar maka da iskarka. Taya mai ƙarancin iska in ta sha gudu dahuwa take, sai ta zame bisa ƙarfe ta tsinke bakin shambur. Ba na son in ji labarinka a bakin direbobi." Na ce masa to. A raina na ce mutumin da bai san ko sunan abin a takarda ba zai koya mini zafi da iska. Na riƙe rabin da ya yi mini daɗi.

Ranar da za a rufe karɓar dosiye, sai da hantsi na samu sa hannun direkte, shugabanmu. Ana tashi daga buro a Maradi da azahar. Innarka ta daɗe tana son ganin mahaifiyarta a Cadawa, na ce ta hau in sauke ta a hanya. Muka bar yayarka wajen maƙwabta, lokacin an yaye ta. Na tsuguna a ƙofar gida na saki iskar tayoyin kamar yadda na saba, har na ƙara saki kaɗan don mu biyu ne kuma rairayin bazara ya yi laushi. Muka ratsa daji lafiya, ko sau ɗaya ba ta sauka ba.

Da muka fito kwalta na hango Ɗan Tani ƙarƙashin itacen bedinsa, da babura biyu a gabansa suna jira. Ya gan mu, ya miƙe ya ɗaga hannu. Na dubi agogo.

Innarka ta taɓa ni ta ce, "Malam, ba mu tsayawa? Ga shi can yana kira."

Na ce, "Gaisuwa ce yake yi."

Ta ce, "Ba a gaisuwa da famfon iska a hannu."

Na ce, "In na tsaya layi a nan, a rufe buro, ke za ki buɗe mini? Ki riƙe ni da kyau kawai."

Ta riƙe ni. Na murɗa.

Mun wuce Agiye rana ta take, kwalta na walƙiya. Na fara jin bayan babur yana lilo. Na san abin da ke nan, Babana, kada ka ce ban sani ba. A tashar Agiye ma akwai masu faci, na gan su, na wuce. Na ce saura kaɗan a kai Cadawa, in na sauke ta nauyi ya ragu. Ba mu kai ba. Ban ji ƙara ba ma, sai dai baya ya kwanta lokaci guda, babur ya juya da mu. Ni na gangara cikin rairayin gefen hanya, na tashi da ƙujewa a gwiwa da hannu. Ita ta faɗi da baya a kan bakin kwalta. Da na iso kanta idonta biyu, ba ta kuka. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Takardunka, iska na kwashe su."

Wata motar kasuwa ta kai mu asibiti a Maradi. Lokacin da ake shiga da ita ana kiran azahar. Kafaɗarta ta karye, ƙashin bayanta ya tsage. Wata huɗu ta yi a kwance, rabi a asibiti, rabi a ɗakin mahaifiyarta.

Da na koma aiki aka ce in rubuta rahoto kan babur. Na rubuta shafi biyu da Faransanci mai kyau, babu kuskure ko ɗaya, na ce tayar da aka ba ni ta daɗe a sito ta lalace. Ban ambaci iska ba. Aka kira Amadu aka yi masa faɗa a gaban mutane. Ya same ni a waje ya ce, "Mushe, sabuwa na ba ka, kai ma ka sani." Na juya masa baya. Daga ran nan ban sake gaishe shi ba, ko a masallacin Juma'a. Na kuma canza mai faci, don kada in haɗa ido da Ɗan Tani. Na yi ta maimaita labarina a majalisa da gida har ni kaina na fara ganin tsagar da ke jikin tayar, wadda babu ita.

Bara Amadu ya rasu. Innarka na zaune tana tsince wake ta ce, "Malam, ba ka zuwa gaisuwa?"

Na ce, "Gidan mutumin da ya kashe mini rayuwa?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ni ce a bayanka ran nan. Na ga famfon."

Shekara ashirin da takwas tana jin ina ba ku wancan labari a kan tabarma, ba ta taɓa gyara mini ba. Na tambaye ta don me. Ta ce, "Yara na son uba. Kai kuma kana son abin da za ka riƙe. Na bar maka." Ta ci gaba da wakenta. Ban je gaisuwar ba duk da haka, kunya ta hana ni, kuma wannan ma kuskure ne da na ƙara a kan sauran. In ka yi ɓarna, Babana, ka faɗe ta tun tana ɗanya. Kwana uku na farko ne masu wuya. Ni na bar tawa ta tsufa tare da ni, har wanda zan roƙa gafara ya tafi.

Ga abin da nake roƙonka. Ba umarni ba ne, ka girma, kuma ka ga irin wanda ke ba ka shawarar. Ka sayi ƙaramin famfo da abin auna iska, ka ɗaure su a babur kamar yadda kake ɗaure jakar allurarka. Yatsa ba ya auna iska, taya mai kauri tana yi masa ƙarya. Ka auna da safe kafin ka hau, tana sanyi. A jikin babur ko a ɗan littafinsa an rubuta iskar mutum ɗaya da ta mutum biyu, ba ɗaya ba ne, ta baya tana son ƙari in akwai kaya. Ka rage iska a rairayi in kana so, amma duk inda rairayi ya ƙare ka sauka ka mayar, ko ana jiranka, ko wane ne ke jiran. Ranar da za ku zo gida ka sa a cire shimfiɗar da ke cikin taya, tana gogar shambur tana tara zafi. Ku fito da sanyin safiya. Ku tsaya a Maradi Ramatu ta shayar da yarinya, kai kuma ka ɗora tafin hannu a kan tayar baya. In ba ka iya barin hannun a kai ba, ku ƙara zama. In ka ji baya yana lilo, kada ka ce saura kaɗan.

Ka samu mai faci ɗaya a Gidan Rumji ka riƙe shi, ka riƙa gaishe shi ko ba ka da aiki. In ya yi magana ka saurara har ƙarshe. Takardar da ka samu ta dabbobi ce, shi kuma tayoyin da suka bi ta hannunsa sun fi shanun da za ka yi wa allura. In kuma Ramatu ta taɓa ka ta ce ku tsaya, ka tsaya. Wanda ke baya yana jin abin da matuƙi ba ya son ji, kuma shi ne ba ya riƙe da komai sai kai.

In da son raina ne ma, ka sa su a mota kai ka biyo da babur, har yarinyar ta yi ƙafa. Na san za ka ce tsufa ne. Innarka ma da na faɗa mata abin da nake rubutawa ta ce, "Tun hantsi kana kan taya? Ka ce masa ya riƙa cin abinci." To, na faɗa maka. Ta ce a gaida Ramatu, a shafa mata kan yarinya, kuma kukar da ta ƙulla muku tana cikin buhun gero, kada ku ce ta manta.

Allah Ya tsare ka a daji da gari, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da gaggawa. Allah Ya sa ka gama aikin nan da mutuncinka, Ya raya muku abin da Ya ba ku, Ya dawo mana da ku uku lafiya duk lokacin da kuka kamo hanya. Ka yafe mini abin da na ɓoye muku. In ka ga dama ka karanta wa ƴan'uwanka, ni ba zan iya ba.

Shekara da shekaru ina kukan kujerar da ban samu ba, kun ɗauka ita ce asarar ranar nan. Bayan hatsarin innarka ta haifi ku huɗu. Bayanta bai sake ɗaukar nauyi ba. Ƙanwata Mariyama ce ta goya ku duka, innarka tana zaune tana ɗaure mata zane. Kai ne autanta, kuma ba ta taɓa goya ka ba ko sau ɗaya.

Ni ne mahaifinka,
Haruna.